Zafsa, Allahn Sama Na Helenawa, Da Labarinsu Na Farkon Duniya

Karatu: Farawa 1, Ayyukan Manzanni 14:8-20, 17:16-34.

Duk mai karanta littafin Ayyukan Manzanni ya san abin da ya faru a Listira. Manzo Bulus ya warkar da wani gurgu wanda tun haihuwarsa bai taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ba, sai gari ya ruɗe. Jama'a suka yi ta sowa da harshen Likoniya, wai alloli ne suka ziyarce su cikin kamannin mutane. Barnaba suka laƙaba masa Zafsa, Bulus kuwa Hamisa. Kafin manzannin su gane inda aka dosa, firist na haikalin Zafsa da ke bakin gari ya riga ya koro bajimai, an yi musu ado da furanni, zai yanka musu hadaya.

Mukan karanta wannan wuri mu wuce sunan ba mu tsaya ba. Amma in yaro ya katse mu a lokacin sujadar iyali ya ce, "Baba, wane ne Zafsa?" yawancinmu ba mu da amsar da ta wuce, "Gunki ne." Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta ƙosar da yaron da zai sake gamuwa da sunan a littafin makaranta ko a talabijin, inda ake rubuta shi Zeus. Ba ta kuma nuna mana dalilin da ya sa Bulus, da ya buɗe baki a gaban taron nan, bai fara da Ibrahim ko Musa ba kamar yadda ya saba a majami'un Yahudawa. Da halitta ya fara. Haka kuma ya yi a Atina. Dalilin yana cikin abin da Helenawa suka gaskata game da farkon duniya. Babban allahnsu yana mulkin sama, amma ba shi ya yi saman ba. Haifarsa aka yi cikin duniyar da ta girme shi.

Wane ne Zafsa?

Helenawa, wato mutanen ƙasar Girka ta dā, ba su da littafi guda mai tsarki, ba su kuma da shaidar bangaskiya da kowa zai haddace. Kowane birni da nasa bukukuwa, da nasa labarai. Duk da haka, daga tsibirin Karita har zuwa duwatsun arewa kowa ya yarda Zafsa ne sarkin alloli. Sunan tsoho ne ƙwarai. Masanan harsuna sun bi sawunsa har zuwa wata tsohuwar kalma mai ma'anar sararin sama mai haske, wadda ita ce kuma tushen sunan Jufita na Romawa. Bayan da wani mutumin Ingila mai suna Michael Ventris ya warware rubutun da ke kan allunan yumɓu na Kunosos da Filos a 1952, an tarar da sunan Zafsa cikin jerin allolin da ake kai wa baiko, fiye da shekara 1,200 kafin haihuwar Almasihu.

Aikinsa na fari shi ne ruwan sama. Manomi Bahelene yakan ce Zafsa yana ruwa, kamar yadda mu muke cewa ana ruwa. Shi ke tara gizagizai, tsawa ce makaminsa, wurin da aradu ta faɗa kuwa akan shinge shi ya zama nasa. Ana gina masa bagadai a kan ƙwanƙolin duwatsu inda hadari ke fara haɗuwa, in fari ya tsananta a hau can a roƙe shi. Gidansa shi ne Olimfus, dutse mafi tsawo a ƙasar, wanda ya haura mita 2,900.

Bai tsaya a kan duwatsu ba, har cikin gida ya shiga. Maigida a Atina yana da bagaden Zafsa a tsakar gidansa, da wani ɗan tulu a ɗakin ajiya wanda aka keɓe masa domin ya tsare dukiya. Da sunansa ake rantsuwa. Baƙo da mai neman mafaka suna ƙarƙashin kariyarsa, wanda ya wulakanta su ya taɓa Zafsa ke nan. A Olimfiya kuwa ana yi masa wasanni duk bayan shekara huɗu, bisa ga lissafinsu tun daga shekara ta 776 kafin haihuwar Almasihu, ana yanka masa bajimai 100. A nan ne gwanin sassaƙa Fidiyas ya yi masa siffa ta zinariya da hauren giwa mai tsawon wajen mita 12.

Saboda haka firist na Listira ba wasa yake yi ba. Mawaƙin Roma Obid, wanda ya rasu tun Yesu yana saurayi a Nazarat, ya ba da labarin cewa waɗannan alloli biyu sun taɓa yin ɓad da kama suka bi gida gida a ƙasar Firijiya, maƙwabciyar Likoniya, suna neman masauki. Kowa ya rufe ƙofarsa sai wani tsoho matalauci da matarsa. Aka tsirar da tsofaffin, ruwa ya cinye sauran. In mutanen Listira sun san irin wannan labari, ba abin mamaki ba ne da suka yi gaggawar kawo shanu. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Waƙar makiyayin Askara

Cikakken labarin farkon duniya da ya fi tsufa a wurin Helenawa ya zo mana ta bakin Hesiyod, manomi kuma makiyayi daga ƙauyen Askara a gindin dutsen Helikon. Ya rayu wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Almasihu, wato zamanin da annabi Ishaya ke wa'azi a Urushalima. Waƙarsa mai layi fiye da 1,000 ana kiranta Tiyogoniya. Masanin tarihi Hirodotus ya ce Hesiyod da Homa ne suka tsara wa Helenawa asalin allolinsu, suka raba musu sunaye da ayyuka. Sunan waƙar kansa ya isa darasi, gama ma'anarsa ita ce haihuwar alloli. Littafin asali ne, irin na wane ya haifi wane.

Abin da ya fara kasancewa, in ji mawaƙin, shi ne Kawos. Kalmar tana nufin wawakeken rami, buɗaɗɗen gibi wanda ba kome a cikinsa. Ba wanda ya yi shi, mawaƙin kuma bai faɗi inda ya fito ba. An ce Abikuri, wanda almajiransa suka yi muhawara da Bulus a Atina, yana yaro ya tambayi malaminsa daga ina Kawos ya zo. Malamin ya rasa amsa, ya ce wannan tambaya ta masu falsafa ce, yaron kuwa ya tashi ya nemi masu falsafa. Bayan Kawos sai Gaiya, wato Ƙasa, sai Tartaros, zurfin da ke can ƙarƙashin ƙasa, sai Eros, wato Sha'awa. Daga Kawos aka sami Duhu da Dare, Dare ta haifi Yini. Ƙasa kuwa ita kaɗai, ba miji, ta haifi Sama daidai da faɗinta domin ya rufe ta, ta haifi duwatsu da teku.

Mai karatu ya lura da abu biyu. Na ɗaya, Sama ɗan Ƙasa ne. Na biyu, ba wanda ya ba da umarni abu ya kasance, ba wanda ya dubi abin da aka yi ya ce yana da kyau. Ciki ne da haihuwa daga farko har ƙarshe, shi ya sa aka sa Sha'awa cikin na fari, domin in ba ita labarin ba zai motsa ba.

Sunan Saman nan Uranos. Shi ne allahn sama na farko, kakan Zafsa. Ya auri Ƙasa wadda ta haife shi, suka haifi manyan 'ya'ya 12 da ake kira Titan, maza shida mata shida, autansu Kuronos. Suka kuma haifi ƙatti uku masu ido ɗaya a tsakiyar goshi, da waɗansu uku masu hannu 100 da kai 50 kowannensu. Uranos ya ƙi 'ya'yansa tun daga ranar fari. Duk wanda aka haifa sai ya tura shi cikin Ƙasa, ya hana shi ganin haske. Ƙasa ta yi ta nishi da nauyinsu, har ta ƙera wani babban lauje ta kira 'ya'yanta ta ce wa zai rama mata. Tsoro ya kama su duka sai auta. Da dare ya yi Sama ya sauko a kan Ƙasa, Kuronos ya fito daga maɓoya ya yanke wa ubansa gaba, ya jefa a teku. Da kunya nake rubuta wannan a mujallar da yara za su ɗauka, amma ba yadda za a fahimci labarin in an tsallake shi, gama ta haka ne, a ganin masana da yawa, Helenawa suka bayyana rabuwar sama da ƙasa. Daga jinin da ya ɗiga aka sami allolin ramuwa. Daga kumfar teku kuma aka sami Afrodita, allahiyar soyayya, wadda ta fito gaɓa a tsibirin Kubrus. Babban wurin bautarta yana kusa da Bafusa, garin da Bulus da Barnaba suka yi wa muƙaddashin Roma wa'azi kafin su ƙetare zuwa Asiya Ƙarama.

Daga nan Uranos ya fita daga labari. Helenawa ba su gina masa manyan haikali ba, ba su yi masa idi ba. Yana nan dai a sama kamar rufin ɗaki. Sunansa ne ya yi tsawon rai. Da aka gano wata sabuwar duniya a sararin samaniya a 1781, sunansa aka ba ta, daga sunan duniyar kuma aka raɗa wa ma'adinin yuraniyom suna a 1789, wanda aka fara haƙa a Arlit ta ƙasar Nijar a 1971.

Uban da ke haɗiye 'ya'yansa

Kuronos ya hau gadon mulki, ya auri 'yar'uwarsa Riya. Amma iyayensa sun faɗa masa cewa shi ma ɗansa ne zai tumɓuke shi. Ya ga dabarar ubansa ba ta yi ba, domin ɓoye 'ya'ya a cikin uwa ya ba uwar zarafin haɗa baki da su. Sai ya mai da cikinsa kurkuku. Riya na haihuwa, yana karɓa yana haɗiyewa: Hestiya, Demeta, Hera, Hades, Fosaidon. Da cikin na shida ya tsufa, Riya ta nemi shawarar iyayenta, suka tura ta Karita. Can ta haihu da dare, aka ɓoye jaririn a kogon dutse, aka naɗe wani dutse da zanen jarirai aka miƙa wa Kuronos. Ya haɗiye bai duba ba.

Jaririn nan shi ne Zafsa. Da ya girma aka yi wa Kuronos dabara ya amayar da abin da ke cikinsa, dutsen ne ya fara fitowa, sa'an nan 'ya'yan. Kada mu ɗauka Helenawa sun riƙi wannan kamar tatsuniyar gizo da ƙoƙi da ake yi wa yara da dare. Wani matafiyi mai suna Fausaniyas, wanda ya zaga ƙasar Girka wajen shekara 100 bayan Bulus, ya rubuta cewa an nuna masa dutsen a Delfi, kullum ana zuba masa mai, ranar idi kuma a ɗora masa ulu.

Yaƙi ya ɓarke tsakanin sababbin alloli da tsofaffi, aka shekara goma ba wanda ya rinjayi wani. Sai da Zafsa ya kwance ƙattin nan da aka ɗaure tun zamanin kakansa. Masu ido ɗaya suka ba shi tsawa da walƙiya, masu hannu 100 suka yi ta jifa da duwatsu, sa'an nan aka ci nasara. Ashe ko tsawar da aka san shi da ita kyauta ce aka ba shi. Aka jefa waɗanda aka ci a Tartaros. Mawaƙin ya auna zurfin wurin da uwar maƙera ta tagulla: in an sake ta daga sama sai ta kwana tara tana faɗuwa kafin ta iso ƙasa a rana ta goma, haka kuma daga ƙasa zuwa Tartaros. Homa ya ƙara da cewa 'yan'uwa uku sun jefa ƙuri'a a kan duniya kamar magada. Sama ta faɗo wa Zafsa, teku ga Fosaidon, lahira ga Hades, ƙasa da Olimfus kuwa aka bar su na tarayya.

Tsoron bai ƙare ba. Aka gargaɗi Zafsa cewa matarsa ta fari, Metis, wato Wayo, za ta haifi 'ya, bayanta kuma ɗa wanda zai zama sarkin alloli da mutane. Kakansa ya ɓoye 'ya'ya a cikin uwa, ubansa ya haɗiye 'ya'yan, shi kuwa sai ya haɗiye uwar da cikinta. 'Yar ta fito ta kansa, ita ce Atena, allahiyar birnin Atina. Ɗan kuwa ba a taɓa haifarsa ba. Da wannan ne sarautar Zafsa ta zauna.

Ya kamata mu yi wa Hesiyod adalci. Shi bai rera waƙar domin ya kunyata Zafsa ba, yabonsa yake yi. A ganinsa duniya ta tashi daga zalunci da hargitsi ta iso ga tsari, Zafsa kuma shi ne ya raba wa kowane allah rabonsa, ya haifi Adalci da Salama da Kyakkyawan Tsari. Hesiyod talaka ne da ya sha wuya a hannun alƙalai masu cin hanci a shari'ar gado tsakaninsa da ɗan'uwansa, zuciyarsa na marmarin a ce akwai wani a sama mai ganin abin da ake yi. Wannan marmari na gaske ne. Amma allahn da ya rataya begensa a kansa yana da ranar haihuwa, ya sami mulki ta yaƙi, yana riƙe da shi ta wayo. Ko ƙaddara ba ya iya take ta yadda ya ga dama. Homa ya nuna shi yana kallon ɗansa Sarfedon zai mutu a bakin dāga, yana so ya cece shi, Hera ta tsawata masa, ya haƙura.

Wannan labari na uba da ɗa ba Helenawa suka fara shi ba. A cikin allunan yumɓu da aka tono a Hattusa, babban birnin Hittiyawa a ƙasar Turkiyya ta yau, akwai labarin da ya girme Hesiyod da ɗaruruwan shekaru: Kumarbi ya raunata Anu allahn sama irin raunin da aka yi wa Uranos, ya ƙwace mulki, daga baya allahn hadari ya fito ya ƙalubalance shi. Mahaifin Hesiyod kuwa daga gaɓar Asiya Ƙarama ya yi ƙaura. Labarai sukan bi jiragen fatake kamar yadda haja ke bi.

To, ina mutum?

Abin mamaki, cikin layi fiye da 1,000 Tiyogoniya ba ta faɗi yadda aka yi mutum na fari ba. An ƙirga koguna da 'yan matan teku da sunayensu, amma 'yan adam sai kawai muka gan su a wurin rabon nama. A wani wuri da ake kira Mekone, Furometiyus, ɗan ɗaya daga cikin Titan, ya yanka sa ya kasa kashi biyu. Ya ɓoye tsoka a cikin tumbi, ya lulluɓe ƙasusuwa da kitse mai sheƙi, ya ce wa Zafsa ya zaɓa. Zafsa ya ɗauki mai kitsen. Tun daga ran nan, in ji mawaƙin, mutane ke ƙona wa alloli ƙasusuwa su cinye naman. Wannan ne asalin yawancin naman da ke kai wa kasuwannin biranen Helenawa, shi ne kuma ya ta da tambayar da Bulus ya amsa a 1 Korantiyawa 8 da 10.

Cikin fushi Zafsa ya hana mutane wuta. Furometiyus ya sato ta a cikin kara. Domin ramuwa Zafsa ya sa aka gina mace ta fari da yumɓu, aka yi mata ado aka aika wa mutane. A wata waƙar tasa Hesiyod ya kira ta Fandora, ya ce ta buɗe murfin wata randa, cututtuka da wahalai suka watsu cikin duniya, bege kaɗai ya rage a ciki. Randa ce, ba akwati ba. Akwatin da ake faɗa yau kuskuren fassara ne da ya shigo ta hannun Erasmus a ƙarni na 16. Mata masu karatu su lura da bambancin. A Farawa 2 an yi mace domin zaman mutum shi kaɗai ba shi da kyau, a Farawa 1 kuma ita da namiji duka suna cikin siffar Allah. A wurin Hesiyod horo ce da aka naɗe cikin kyakkyawan zane.

Waɗansu marubuta na baya sun ce Furometiyus ne ya gina mutum da laka. Waɗansu suka ce bayan rigyawa Dukaliyon da matarsa sun jefa duwatsu ta bayansu suka zama mutane. Atinawa kuwa suna fahariya cewa kakanninsu daga ƙasar Atina suka tsiro, ba daga ko'ina suka zo ba. Kowane gari da nasa asali.

Helenawan da suka ƙi yarda

Ba Kirista ne suka fara sukar waɗannan labarai ba. Tun wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu, Zenofanis na Kolofon ya zargi Homa da Hesiyod da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, ya kuma yi ba'a cewa da shanu da dawakai sun iya zane, da allolinsu sun fito da kamannin shanu da dawakai. Filato ya ce ko da labarin Kuronos gaskiya ne bai kamata a faɗa wa matasa ba. Ya san abin da yake gudu, gama a ɗaya daga cikin littattafansa ya kawo wani mutum da ya kai ƙarar mahaifinsa, yana kafa hujja da abin da Zafsa ya yi wa nasa uban. Filato ya yi maganar wani gwanin maƙeri nagari da ya tsara duniya, amma maƙerin ya tarar da kayan aiki ne a gabansa, bai yi su ba. Aristotil ya ce duniya ba ta da farko sam. Mutanen Abikuriya suka ce ƙananan ƙwayoyi ne suka yi ta karo har duniya ta haɗu, alloli kuwa ba ruwansu da mu. Mutanen Sitokiya suka riƙe sunan Zafsa amma suka sāke masa ma'ana, ya zama hankalin da ke ratsa dukan abubuwa. Waɗannan ƙungiyoyi biyu na ƙarshe su ne Luka ya ambata a Ayyukan Manzanni 17:18.

Da duk bambancinsu, ba ko ɗaya da ya koyar da Allah wanda ya riga kome, wanda kome ya fito daga nufinsa.

Abin da Bulus ya taɓa

A ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya Attaura zuwa Helenanci. Da suka zo ayar farko ta Farawa, kalmomin da harshen ya ba su domin sama da ƙasa su ne uranos da ge, ge kuwa ita ce Gaiya. Bahelenen da ya haddace Hesiyod a makaranta, in ya buɗe littafin, zai tarar da kakannin allolinsa biyu a layin farko, ba suna haihuwa ba, an yi su ne. Rana da wata, waɗanda a wurinsa jikokin Uranos ne, sai a rana ta huɗu suka bayyana, ba a ma kira su da suna ba, fitilu ne da aka rataya domin aiki. Kalmar uranos ɗin nan ce kuma Sabon Alkawari ya yi amfani da ita ko'ina domin sama, har cikin addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa. Haka marubutansa suka ɗauki Hades suka mai da shi sunan wuri kawai, a 2 Bitrus 2:4 kuma an ari sunan Tartaros domin kurkukun mala'ikun da suka yi zunubi.

Yanzu sai a sake karanta jawabin Listira. Bulus ya kira jama'a su juyo ga Allah mai rai, Mahaliccin sama da ƙasa da teku, wato yankunan da 'ya'yan Kuronos suka raba da wanda suka bari na tarayya. Sa'an nan ya kawo shaidar alherin Allah, bai kuwa zaɓi kome ba sai ruwan sama da damina mai albarka da ƙoshi. Wannan shi ne ainihin aikin Zafsa, a gaban firist nasa kuma aka faɗa. Bai zagi kowa ba, bai ce godiyarsu domin ruwa laifi ce ba. Ya ce sun kai godiyar gidan da ba nan aka yi musu alherin ba.

A Tudun Arasa ya ƙara zurfi. Ya ce Mahalicci ba ya bukatar kome daga hannun mutum. Atinawa sun san akasin haka, har wani marubucin wasan kwaikwayo nasu, Aristofanis, ya taɓa ba su dariya a shekara ta 414 kafin haihuwar Almasihu da wasan da tsuntsaye suka tare hayaƙin hadaya, yunwa ta kama alloli. Ya ce dukan al'ummai daga tushe ɗaya suke, a gaban mutanen da ke taƙama sun tsiro daga ƙasarsu. Sa'an nan a aya ta 28 ya ɗauko rabin layi daga Aratus, mawaƙin Soli ta ƙasar Kilikiya, lardin da shi Bulus ya fito. Waƙar Aratus da yabon Zafsa ta buɗe, Zafsa irin na Sitokiya. Bulus ya san haka sarai. Ya ɗauki abin da mawaƙin ya lalubo daidai, ya mai da shi ga mai shi. Wajen shekara ta 180, Tiyofilus bishop na Antakiya ya bi wannan hanya cikin littafin da ya rubuta wa wani abokinsa mai bautar alloli, ya bi waƙar Hesiyod yana nuna cewa allolinta sun zo bayan duniya, ya kuma bayyana a fili cewa Allah ya yi kome daga babu.

Jawabin Listira bai cika coci a ranar ba. Da ƙyar aka hana yankan shanun, ba da daɗewa ba kuma taron da ya so yi wa Bulus sujada ya jajjefe shi, aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu. Amma da ya komo yankin a tafiyarsa ta biyu, ya tarar da wani saurayi almajiri wanda 'yan'uwa na Listira da Ikoniya ke yabo. Mahaifinsa Bahelene ne, mahaifiyarsa Bayahudiya mai bi. Yaron ya tashi a ƙasar da ake kai wa Zafsa bajimai in an ga abin al'ajabi, a cikin gida kuwa uwarsa Afiniki da kakarsa Loyis ne masu bangaskiya, ya kuma san Littattafai masu tsarki tun yana ɗan ƙarami. Sunansa Timoti.